Hawa da Gangarar Cinikin Gyaɗa a Ƙasar Kaura Namoda

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Kaura Namoda a 1929, nan kuma ya tuƙe. Tashar ta zama matattarar gyaɗa da auduga na arewacin Zamfara. Da kaka, manoman Kurya Madaro da Zurmi da Shinkafi sukan ɗoro buhuna a kan jakuna da raƙuma, dillalai su ɗora a sikeli, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku.

Masana tattalin arziki sukan taƙaita tarihin irin wannan ciniki a zanen layi, dabarar da William Playfair ya yaɗa a littafinsa na 1786. Ana jera shekaru a kwance, nauyin gyaɗar da aka fitar kuma a tsaye. Karatu daga hagu zuwa dama ake yi: duk tsakanin shekarun da layin ke yin ƙasa, nan ne ciniki ke raguwa. Tsayin layin ba shi ne abin dubawa ba, inda ya dosa shi ne. Layi yana iya kasancewa can sama alhali ya riga ya fara gangara, kuma nan ne masu karatu da yawa ke ruɗewa.

Zanen gyaɗar Nijeriya ya fara hawa sosai daga 1912, bayan jirgi ya isa Kano. Ya yi ta tashi, da ɗan lotsawa a shekarun ƙarancin ruwa, har ya kai ƙololuwa a shekarun 1960, lokacin da ƙasar ke kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Akan ɗora laifin faɗuwar a kan farin 1972 zuwa 1973, amma layin ya juya tun kafin nan. Hukumar sayen amfanin gona ta daɗe tana biyan manomi kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ga man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Fari sai ya ƙara wa gangarar tsanani. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa, mai tsumburar da gyaɗa ta murɗe ganyenta, ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a Arewa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 layin fitarwa ya kwanta dab da sifiri, dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, manoma da dama suka koma gero da dawa da wake. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986.