Gidan Wasan Mariinsky a Birnin St. Petersburg

Mariinsky gidan opera da rawar bale ne a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha. An buɗe shi a 1860, kuma a zamanin Tarayyar Sobiyet an san shi da suna Kirov. A dandalinsa aka fara nuna The Nutcracker na Tchaikovsky a 1892.

Lokacin da ya fi dacewa da baƙo shi ne ƙarshen Mayu zuwa Yuli, sa'ad da rana ke jinkirin faɗuwa, ake kuma bikin kiɗa na Fararen Darare. Mai sayen tikiti ya duba da kyau, domin sabon ginin da aka buɗe a 2013 daban yake da tsohon. Katunan Visa da Mastercard na ƙetare ba sa aiki a Rasha tun 2022.