TARIHIN DA KE CIKIN JININMU

A aji an karantar da mu tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ni kuwa a wannan fitowa ina so in taɓo wani tarihi da kowannenmu ke yawo da shi a jikinsa, wato na amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Da wuya a sami zuri'a daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa da Babura da ba ta san zafinsa ba. Na taso ina jin idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna komawa, sai a ce wabi take yi, ko a ɗora wa iska ko maita. Binciken masana ya nuna cewa da yawa daga irin waɗannan yara ciwon gado ne ke ɗauke su.

A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya ba da labarin jinin wani ɗalibi baƙar fata wanda ƙwayoyinsa suka lanƙwashe kamar lauje. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, yaya ciwon da ke kashe yara tun ba su girma ba bai ƙare a duniya ba? A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincike a Gabashin Afirka, ya kawo amsa: wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, ya fi sauran yara jure wa zazzaɓin cizon sauro.

To, a nan ne ƙasarmu ta shigo cikin labarin. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, maƙwabciyar Babura, lokacin duk muna cikin Jihar Kano. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani, an ɗebi jinin dubban mutane. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar kusan mutum 1 cikin 4 mai AS ne. Cikin jarirai 100, kimanin 2 da cikakken ciwon ake haihuwarsu, amma cikin manya da ƙyar ake samun mai shi. Ma'ana, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba. Har wa yau, masu AS sun fi yawa cikin waɗanda suka haura shekara 5 fiye da cikin jarirai, alamar cewa zazzaɓi ya fi ƙyale su. Masanan duniya sun daɗe suna kafa hujja da waɗannan alƙaluma, alhali da yawanmu ba mu ma san an yi aikin a ƙofar gidanmu ba.

Daga ina abin ya faro? A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Nijeriya mai aiki a Amurka, suka bi diddigin ƙwayoyin halittar mutum kusan 3,000. Suka ce sau ɗaya tak wannan canji ya auku, a jikin mutum guda, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, ko dai a Sahara ko a yammacin tsakiyar Afirka. A zamanin Sahara kore ce shar, da tafkuna da koguna. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, shaida ne kan yawan ruwan wancan lokaci. Inda ruwa yake kuwa, nan sauro yake. Ashe mai sikila a Roni da na Indiya da na Jamaika duk kakansu ɗaya.

Saboda haka AS ba abin kunya ba ne, garkuwa ce da kakanni suka bar mana. Matsala tana zuwa ne idan mai AS ya auri mai AS, domin kowane ciki yana da hatsarin 1 cikin 4 ya zo da SS. Ba wai idan ɗaya ya zo da shi ukun da ke biye sun tsira ba, kowane ciki da nasa lissafin.

A 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayar halitta, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Gwajin jini kuwa bai fi ƙarfin talaka ba, kuma a 2024 Jihar Kano ta mai da shi doka kafin aure. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin gwada ƙannenmu da ke makaranta, kowa ya san rukuninsa tun kafin soyayya ta yi nisa, kafin a kai kuɗin gaisuwa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.