AFRISTAT: Cibiyar da Ta Shigar da Mai Shayi da Tela Cikin Lissafin Ƙasa

A ƙarshen shekarun 1980, ministan kuɗi a Yamai ko Injamena zai iya faɗin yawan ma'aikatan gwamnati ba tare da ya buɗe littafi ba, tunda shi ke biyan su albashi. Amma da za a tambaye shi mutum nawa ne ke cin abinci da ɗinki, ko da tura ruwa, ko matasa nawa ke zaman kashe wando a babban birni, sai dai ya yi kirdado. Lokacin ne na shirin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka gindaya wa ƙasashen Afirka, kuma ofisoshin ƙididdiga na cikin waɗanda suka fi jin jiki. An daina ɗaukar sababbin ma'aikata, ƙwararrun sun kama gabansu, kuɗin fita bincike ya ƙafe. Ga shi kuma a daidai wannan lokacin masu ba da bashi suka fi matsa wa gwamnatoci lamba kan su kawo alƙaluma.

Ƙasashen da ke kashe kuɗin sefa suka duba suka ga babu ɗaya a cikinsu da za ta iya riƙe gwanin lissafin arzikin ƙasa, da gwanin farashi, da gwanin binciken gidaje, ita kaɗai. Sai suka yanke shawarar haɗa hannu su ajiye gwanayen a wuri guda, kowa ya riƙa kiran su idan buƙata ta taso. Ranar 21 ga Satumba, 1993, a birnin Abijan, ƙasashe 14 suka sa hannu kan yarjejeniyar kafa cibiyar sa ido kan tattalin arziki da ƙididdiga ta ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wadda aka fi sani da AFRISTAT. Nijar da Chadi da Kamaru duk suna cikin waɗanda suka kafa ta, tare da Benin, Burkina Faso, Mali, Senegal, Togo, Kwaddebuwa, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya, Ikwatoriyal Gini da tsibiran Komoros. Aka zaɓi Bamako ta zama mazauninta.

Ba a cika wata huɗu da sa hannun ba, a watan Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Farashin kaya ya tashi, kowace gwamnati tana son ta san iyakar tashinsa, amma kowace ƙasa da irin ma'auninta. A cikin wannan watan ne kuma aka kafa UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗin bai ɗaya ta Afirka ta Yamma, wadda dole ta riƙa kwatanta ƙasashenta da juna. Don haka ko da AFRISTAT ta buɗe ƙofa ranar 2 ga Janairu, 1996, ƙarƙashin shugabanta na farko, Lamine Diop ɗan Senegal, aiki ya riga ya taru yana jiran ta.

Tsarinta yana da wata hikima da ya kamata a tsaya a kanta. Cibiyar ba ta ƙwace aikin ofisoshin ƙasa ba. Masu bin gida-gida da takardar tambayoyi ma'aikatan kowace ƙasa ne, alƙaluman ma mallakar ƙasar ne. Abin da Bamako ke bayarwa shi ne hanyar aiki guda, da horo, da ƙwararren da zai zo ya zauna da ma'aikatan ƙasa har a fitar da sakamako. Kuɗin tafiyar da ita kuwa an tanade shi ne a wani asusu da ƙasashen suka zuba gudummawa a ciki, Faransa ma ta zuba nata, aka tsara ya ɗauki shekaru masu yawa a jere, don kada albashin ma'aikata ya dogara da kasafin kuɗin kowace shekara.

Ayyukan farko ba su da armashi a idon mai kallo daga nesa. An daidaita ma'aunin farashin kayan masarufi a ƙasashen UEMOA, ta yadda idan aka ce hauhawar farashi ta kai kaza a Yamai da kaza a Lome, magana ɗaya ake yi. An tsara jerin sunayen sana'o'i da na kayayyaki na bai ɗaya, NAEMA da NOPEMA, don mahauci ya faɗa layi ɗaya a littafin kowace ƙasa. An kuma yaɗa manhajar ERETES ta haɗa lissafin arzikin ƙasa. Duk kwatancen da aka yi daga baya a kan waɗannan ya tsaya.

Inda sunan cibiyar ya fito sosai shi ne binciken ayyukan yi. A nan ta haɗa kai da DIAL, wata cibiyar bincike da ke Faris, wadda masananta suka ƙirƙiro abin da ake kira bincike 1-2-3. An gwada shi a Yawunde a 1993, sannan a Madagaska daga 1995. Dabararsa mai sauƙi ce, kuma ta dace da yadda mutanenmu ke neman abinci. Mai shayi da mai gyaran babur da matar da ke soya ƙosai a ƙofar gida ba su da rajista a ko'ina, saboda haka wanda ya nemi sunansu a jerin kamfanoni ba zai same su ba. Sai a fara daga gida. A mataki na farko a tambayi kowane mutum a gidan abin da yake yi. A mataki na biyu a bi waɗanda suka ce suna da 'yar sana'arsu har wurin aiki, a ji jarinsu, da cinikinsu, da yaran da ke ƙarƙashinsu. A mataki na uku a koma gida a ji abin da iyali ke saya da kuma wurin da suke sayensa.

Tsakanin 2001 da 2002 aka ƙaddamar da wannan bincike da tambayoyi iri ɗaya a manyan birane bakwai: Abijan, Bamako, Kwatano, Dakar, Lome, Yamai da Wagadugu. Sakamakon ya nuna cewa kusan kashi 76 cikin 100 na masu aiki a biranen suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. Rashin aikin yi kuwa, bisa ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ya tsaya a wajen kashi 11 cikin 100. Wannan adadi na biyu yakan ruɗi mutane, domin yana da ƙanƙanta idan aka dubi halin da ake ciki. Dalilin shi ne, inda babu tallafin marasa aiki, talaka ba shi da halin zama haka kawai, dole ya kama wani abu ko da bai ishe shi ba. Binciken ya bayyana cewa babbar cutar ita ce aikin da ba ya ciyar da mai shi. Masu karatu a Najeriya sun ga irin wannan ruɗani a 2023, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auni, adadin marasa aiki ya sauko daga kashi 33.3 zuwa 4.1, alhali rayuwa ba ta sauya ba.

A ɓangaren membobi kuwa, gidan AFRISTAT ya yi ta faɗaɗa. Gini Bisau da Muritaniya suka shigo a 1998, Gini a 2000, Kef Bad a 2002, Burundi a 2006, har membobi suka kai 22, wasunsu ba sa kashe sefa. Martin Balepa ɗan Kamaru ya gaji Diop a shugabancin cibiyar, daga baya Cosme Vodounou ɗan Benin ya karɓa, sannan Paul-Henri Nguema Meye ɗan Gabon. A 2017 da 2018 aka sake babban binciken ayyukan yi da ƙananan sana'o'i a dukkan ƙasashe takwas na UEMOA, wannan karon har da ƙauyuka. A daidai wannan zamani ne ƙasashe da dama suka sabunta lissafin arzikinsu, suka ƙirga abubuwan da a da ake tsallakewa. Da Nijar ta mayar da 2015 shekarar tushe, arzikin da take samarwa a shekara ya ƙaru a takarda da kusan kashi ɗaya cikin uku. Babu wanda aljihunsa ya ƙaru da ko dala, amma aikin da talakawa suka daɗe suna yi ya shiga littafi.

Raunin cibiyar yana nan inda ya saba zama. Ƙasashe da dama kan makara wajen biyan gudummawarsu, manyan bincike kuma sukan jira kuɗin UEMOA ko na masu ba da agaji, shi ya sa aka yi shekara 15 tsakanin binciken biranen nan bakwai da wanda ya biyo bayansa. A ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, wannan tazara ta yi yawa ƙwarai: yaron da aka haifa lokacin bincike na farko ya riga ya shiga kasuwa kafin a zo na biyu. Gwamnatocin da suka kafa AFRISTAT da hannunsu su ne ya kamata su biya kuɗinta a kan kari, su kuma sa binciken ayyukan yi cikin kasafin kuɗinsu na kowace shekara.