Ɗaliban Jami'a da Tallan Bitar Koyo a Aikace: Nazarin Wata Haɗaka

A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Sidni da ke Ostireliya, Nat Ware, ya kafa ƙungiyar 180 Degrees Consulting. Aikinta shi ne haɗa ɗaliban jami'a da ƙungiyoyin sa-kai waɗanda ba su da halin ɗaukar ƙwararrun masu ba da shawara. Yanzu tana da rassa a ƙasashe fiye da 30. Kafin ita akwai SIFE, wadda aka kafa a Amurka a 1975, ta koma Enactus a 2012, kuma tana da rassa a manyan makarantun Nijeriya. Ban da waɗannan, tsangayoyin kasuwanci da dama a Amurka da Turai sukan ba ɗaliban ajin ƙarshe wata ƙungiya ta gaske, su yi mata aiki tsawon zango ɗaya, a ba su maki a kai. Cikin buƙatun da ake yawan kawo musu akwai wannan: muna shirya wa yara bita ta koyo a aikace, bitar tana da kyau, amma kujeru ba sa cika.

Tunanin cewa ƙungiyar da ba riba take nema ba ita ma tana buƙatar talla ya samo asali daga maƙalar da Philip Kotler da Sidney Levy suka buga a 1969. Hujjarsu ita ce asibiti da jami'a da gidan tarihi duk suna da hajar da suke so mutane su karɓa, saboda haka dole su san masu karɓar. Sai dai bitar koyo a aikace haja ce mai wuyar sha'ani, kuma wahalar tana wurare biyu.

Na farko, abin da ake sayarwa ba ya shiga takarda. A ɗauki yarinya 'yar shekara tara da aka ba ta batir da guntun waya biyu da ƙaramin ƙwan fitila, ba a gaya mata komai ba. Ta haɗa, bai kama ba. Ta juya batirin, bai kama ba. Ta matsa wayar a gindin ƙwan, ya haska, ta yi ihu ta kira ƙawarta. Wannan minti ɗayan shi ne hajar, kuma a kansa Frank Oppenheimer ya gina gidan kimiyya na Exploratorium a San Faransisko a 1969, a kansa kuma gidauniyar Agastya ta Indiya take kai ɗakin gwaji cikin mota har ƙauyuka. Idan aka rubuta shi a takardar talla sai ya koma “haɓaka ƙirƙira da zurfin tunani”, maganar da kowace makaranta take yi. Gani ya kori ji, shi ya sa minti goma sha biyar na gwaji a ɗakin malamai ya fi tarin takardu masu launi tasiri.

Na biyu, wanda ya fi ɗaure wa ɗalibai kai, shi ne mai cin moriya daban, mai yanke shawara daban, mai biyan kuɗi daban. Yaro ne zai zauna a bitar, amma ba shi zai yi rajista ba. Malamarsa ce za ta nema, shugaban makaranta ya sa hannu, iyaye su cika takardar izini, sannan wata gidauniya ta biya. Kowane da abin da ke damunsa. Malamar tana tambayar ko bitar ta dace da babin da take koyarwa a wannan makon, da wanda zai riƙe mata sauran azuzuwanta. Shugaban yana lissafin kuɗin mota. Gidauniya kuwa adadin yara take so ta gani a rahoton ƙarshen shekara.

Abin da ya faru a gidan zane-zane na Crystal Bridges a jihar Arkansas ya haska wannan batu, duk da cewa ziyarar kallo ce ba bitar hannu ba. Da aka buɗe shi a 2011, gidan ya ɗauke wa makarantu kuɗin shiga da na mota da na abincin rana, har da na malamin da zai riƙe aji. Makarantun da suka nema suka fi guraben yawa, sai da aka jefa ƙuri'a, kuma ƙuri'ar ce ta ba Jay Greene da abokan aikinsa na Jami'ar Arkansas damar nazarin ɗalibai kusan 11,000. Abin da ya shafe mu a nan shi ne malamai ba su rasa sha'awa ba tun farko, ɗawainiya ce ta tare su.

To, me ɗaliban jami'a sukan kawo? Yawanci abin da suka fi sani: Instagram, gajeren bidiyo, sabon tambari, jadawalin abin da za a riƙa wallafawa kullum. Ba laifinsu ba ne, a can suke wuni. Amma shugaban makarantar firamare ba ya tsara zangon karatu daga Instagram, yakan bi maganar wani shugaban da ya riga ya gwada. Akwai kuma tallafin Google, wanda ke ba ƙungiyoyin da suka cancanta tallan dala 10,000 a wata kyauta a shafin bincike. Ɗalibai suna son sa domin akwai alƙaluman da za su sa a rahoto. Sai dai tun 2018 Google ya gindaya sharaɗin cewa aƙalla kashi 5 cikin 100 na masu ganin tallan su latsa shi, idan aka gaza wata biyu a jere ana iya dakatar da asusun. Wannan yana buƙatar mai kula da shi kowane wata. Ɗalibai kuwa bayan mako 12 zuwa 15 sun rubuta jarrabawa sun watse, an bar ƙungiyar da ma'aikaciya ɗaya, wadda ita ce mai yanka kwali da amsa waya da rubuta wa gidauniya wasiƙa.

A nan kalandu biyu suke cin karo. Makarantu sukan tsara fitar ɗalibai tun da wuri, wasu tun kafin shekarar karatu ta fara, don haka shawarar da aka gama a ƙarshen zango sai wata shekara za a ga amfaninta, lokacin masu ita sun kammala. Malamin jami'a kuma rahoto da jawabin gabatarwa yake ba wa maki, ba yawan yaran da suka zo ba. Ɗalibi mai wayo ya san wannan, sai ya ƙawata rahoto mai shafi 40.

Duk da haka ba na ganin haɗakar a matsayin ɓata lokaci. Ɗalibai suna da abu biyu da ƙungiyar ba ta da su: lokaci da baƙunta. Mutum biyar za su iya kiran duk malaman da suka taɓa kawo yara sau ɗaya ba su dawo ba, su tambaye su dalili, kuma malami zai faɗa wa baƙon ɗalibi abin da kunya za ta hana shi faɗa wa mai ƙungiya: cewa takardar rajista ta yi tsawo, ko ranar ta faɗo a makon jarrabawa. Za su iya zama da manhajar karatu su daidaita kowace bita da ajin da babin da ta dace da shi, a shafi ɗaya da malama za ta miƙa wa shugabanta. Wannan aiki ba shi da ƙyalli a wurin gabatarwa, amma yana zama bayan sun tafi, domin ba ya buƙatar kowa ya ci gaba da ciyar da shi.

Hukuncina shi ne ƙungiyar da za ta karɓi ɗalibai ta ba su tambaya ɗaya ƙunƙuntacciya, kamar me ya sa makarantun da suka zo bara ba su dawo ba, ta kuma sa su zauna a bita guda daga farko har ƙarshe kafin su rubuta komai. Malaman jami'a da ke tura su kuma su ware wani kaso na maki ga abin da ma'aikaciyar nan guda ɗaya za ta iya aiwatarwa da kanta a cikin awa biyu a mako.