Kadinal Talleyrand na Périgord da Sulhun da ya Faskara a Poitiers

An haifi Hélie de Talleyrand a shekarar 1301, a gidan sarautar Périgord da ke kudu maso yammacin Faransa. Kasancewar yayansa ne magajin sarauta, sai aka tura shi hidimar coci, kamar yadda al'adar manyan gidaje take a wancan zamani. Yana da shekara 23 aka naɗa shi bishop na Limoges, a 1328 aka mai da shi Auxerre, sa'an nan a 1331 Paparoma John XXII ya ba shi muƙamin kadinal. Irin wannan saurin hawa, asali ne ya ba shi, ko da yake ya karanta shari'a. A lokacin fadar Paparoma tana Avignon, inda ya yi shekara 33 yana cikin masu faɗa a ji wajen zaɓen paparomomi.

Babban abin da ake tunawa da shi ya faru ne a 1356, sa'ad da Paparoma Innocent VI ya aike shi ya shiga tsakanin Faransa da Ingila. Ranar Lahadi, 18 ga Satumba, ya yini yana kai da komowa tsakanin rundunar Sarki John II da ta Edward, wanda ake yi wa laƙabi da Baƙin Yarima. A ruwayar Froissart, Yarima ya yarda ya mayar da garuruwa da fursunonin da ya kama, ya kuma rantse ba zai yaƙi Faransa ba har shekara 7. Faransawa suka ce sai dai ya miƙa kansa tare da barade 100. Kwana guda na tsagaita faɗa kaɗai kadinal ya samo, Ingilishi kuwa suka yi amfani da shi suka ƙarfafa sansaninsu. Kashegari aka gwabza, aka kama Sarkin Faransa.

Asalin nan da ya buɗe masa ƙofofin sarakuna shi ne ya zubar masa da mutunci a ranar. Wasu daga cikin 'yan rakiyarsa sun shiga yaƙin a ɓangaren Faransa, ɗan 'yar'uwarsa Robert na Durazzo ma a nan aka kashe shi. Daga nan Ingilishi suka zarge shi da son kai, Faransawa kuma suna ganin jinkirin da ya jawo ne ya cuce su.

A 1363 Paparoma Urban V ya naɗa shi wakilinsa a yaƙin 'yan Salibi da ake shiryawa, amma ya rasu a Avignon a watan Janairu 1364 kafin rundunar ta tashi.