Kakuri da Ulsan: Masana'antu Biyu, Shekara Ɗaya

A shekarar 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri, Kaduna, ta fara fitar da motoci, bisa haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Najeriya da kamfanin na Faransa. A ƙarshen wannan shekara kuma, a birnin Ulsan na Koriya ta Kudu, kamfanin Hyundai ya fara ƙera motar Pony. Yau Hyundai yana cikin manyan masu ƙera mota a duniya, Fijo 504 ta Kaduna kuwa ta zama abin tunawa. Abin da ya raba su shi ne abin da kowanne ya nema wajen abokin hulɗarsa.

Kaduna ta karɓi mota a wargaje. Ana loda sassanta a jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a kwashe su a manyan motoci zuwa Kakuri, ma'aikata su harhaɗa, su ɗaure noti, su yi fenti. Sun ƙware ƙwarai, har 504 ta zama motar gwamnati da ta tasha. Amma zanen motar da sirrin injinta suna can Faransa. Hyundai ma da irin wannan ya fara: daga 1968 yana harhaɗa wa Ford motar Cortina. Da aka zo maganar haɗin gwiwa mai zurfi, ya ƙi sakin ragamar kamfaninsa, tattaunawar ta watse. Sai ya shiga sayen ilmi gunduwa-gunduwa: inji daga Mitsubishi na Japan, zanen jiki daga Giorgetto Giugiaro na Italiya, tsarin masana'anta kuma daga George Turnbull, tsohon jami'in British Leyland, wanda aka ɗauko a 1974 tare da wasu injiniyoyin Ingila. Kowanne malami ne da aka biya, babu wanda ya zama uban gida. A 1991 Hyundai ya fitar da injin Alpha, ƙirar kansa.

Za a iya cewa ba a yi wa Kaduna adalci ba, domin faɗuwar farashin mai, da shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da ya karya darajar naira, da kwararowar motocin Kwatano, su suka durƙusar da masana'antar. Wannan gaskiya ne, haka ma rashin wutar lantarki da gazawar masana'antar Ajaokuta wajen samar da ƙarfe. Sai dai karyewar naira ta yi wannan mummunar illa ne saboda muhimman sassan motar da kuɗin waje ake sayo su. Da an yi amfani da shekarun wadata wajen ƙera su a gida, da guguwar ta tarar da katanga. Wasu kuma za su ɗora laifin kan Faransawa, alhali ba a san ɗan kasuwar da ke koya wa wani sirrin sana'arsa don Allah ba. Abin da aka rubuta a yarjejeniya, aka kuma tsaya a kansa, shi kaɗai ake samu.

Yanzu da ake sake ƙulla irin wannan hulɗa, har da sabuwar masana'antar Peugeot da Dangote ke da hannu a ciki, ya kamata mahukunta su tambayi abu uku kafin sa hannu: injiniyoyinmu nawa za a horar, waɗanne sassa za a ƙera a nan, kuma a wace shekara. Zanen aro ba ya rufe katara.