Juriya Ba Littafi

A 1973, ana tsakiyar fari, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Niyya ta yi kyau, sai dai littattafan sun jingina da kuɗin waje. Daga baya Jamusawa suka tallafa, da aikinsu ya ƙare ɗab'i ya ja baya. Shirin ma a firamare ya tsaya.

Nan Mirriya, 'yan kwalejin da nake koyarwa su kan taru a kan littafi guda, na Faransanci. Ni kuwa juriya nake son su sani: yadda Sarki Tanimun ya kewaye birni da ganuwa, yadda kakanninsu suka tsallake yunwar 1984. Da baki nake faɗa, su kwafa daga allo. Kuɗin allin ma iyaye ke tarawa.